Awon Shekaru a Gaya

"Buɗe baki!" in ji likitan da aka turo daga Yamai, yana leƙa haƙoran Yusha'u kamar mai sayen rago a kasuwa.

Yusha'u da ɗan'uwansa Zakari sun tsallako iyaka gudun 'yan bindiga, ba takarda ko ɗaya. Wanda bai kai shekara sha takwas ba kaɗai ake ba masauki da lakwal, wato makaranta.

Likita ya murza musu wuyan hannu, ya gyara tabarau.

"Zakari sha shida, ya shiga. Kai ashirin da biyu, waje! Awona ba ya kuskure."

Yusha'u ya yi murmushin takaici.

"Lalle innarmu ta yi ƙoƙari, likita. Shekara shida ke nan tana naƙuda. Mu tagwaye ne."