Minti Arba'in da Suka Ɓace

A Karaye cewa ake yi tunda Sulle ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ko tari ya yi sai ya lissafa. Ran nan matarsa Tasalla ta baro Rogo ƙarfe 9:40, ta iso 10:15. Ya cire 940 daga 1015 kamar buhunan gyaɗa, ya samu 75.

"Tafiyar minti talatin da biyar ce. Ina kika kai arba'in?"

Ta yi yaji, ta koma Rogo.

Ranar biko ya tashi 3:50, ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya isa 4:25. A zauren surukansa ya lissafa: 75.

Ya durƙusa. "Tasalla, ki yafe ni. Ni ma an sace mini arba'in a hanya."