Baba, Kada Ka Tafi

Tef ɗin awo na rataye a wuyan telan lokacin da ya shigo ofishin 'yan sanda, almakashi a aljihun gaba, baƙar leda a hannu. Ko shagon bai rufe ba.

Yaron na zaune a ƙasa bayan kanta, gwiwarsa a goge, wandon makaranta a yage. Shekararsa ba ta wuce sha huɗu ba. Ya ɗauki babur ɗin maƙwabci ba da izini ba, ya kaɗe wata yarinya a bakin titi tana kan hanyar zuwa makaranta da safe. Tana asibiti, likitoci sun rufe ƙofa a kanta.

Telan ya tsaya a kansa yana huci. Yaron ya ɗago, ya damƙi gefen rigarsa da hannu biyu.

"Baba, wallahi birki ne ya ƙi. Baba, kada ka tafi."

"To, madalla, ga uban ya iso," in ji sajan. "Malam, tun ɗazu muke kiran lambar da ya ba mu, ba a ɗauka. Da ba ka zo ba, ciki zan tura shi. Ba mu da ɗakin yara a nan."

Telan ya waiwaya ya dubi cikin. Ƙarti ne bakwai ko takwas a bayan ƙarfe, wani ba riga, wani yana yi wa yaron fito yana kiransa amarya. Telan ya buɗe baki zai yi magana, ya sake duban hannun da ke riƙe da rigarsa, ya rufe bakin. Ya zauna a benci.

Jami'ar kula da yara ta iso da jaka a kafaɗa, mace mai saurin magana, irin wadda ta faɗi abu ɗaya sau dubu har ya zame mata karatu. Ta jero masa abin da doka ta ba shi. Ba mai yi wa yaron tambaya sai yana zaune kusa da shi. Ba a haɗa shi da manya. Yana da ikon neman lauya, in ba hali a ba shi kyauta. Ba a buga sunan yaron ko hotonsa. Shari'ar ma a ɗaki rufe za a yi ta, daga alƙali sai iyaye.

"Iyayen wa?" in ji telan.

"Na yaron mana, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko shekara nawa ake ba irinsa. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, yaro ba ya zuwa gidan yari, iyakacinta gidan gyaran hali, wataƙila ma a sallame shi a hannun iyaye. Ta zaci zai yi ajiyar zuciya. Ledar hannunsa kawai ya ƙara matsewa.

Wayarsa ta ɗauki ƙara, irin ƙarar nan da ke tada unguwa. Matarsa ce.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Yaya yake?"

Telan ya daɗe yana kallon ƙeyar yaron, da askin da aka yi masa a karkace. "Yaro ne," ya ce. "Ƙaramin yaro ne kawai." Ta fashe da kuka, ya kashe wayar.

Aka fara tambayoyi. Sajan ya so ya yi ta maza, ya buga tebur, ya ce yaron ya amsa cewa gudu yake yi da gangan. Yaron ya fara cewa e tun kafin a gama tambayar. Telan, wanda ko kwastoma bai taɓa ɗaga wa murya ba, ya ce a hankali, "Ta ce sai lauya ya zo." Sajan ya yi tsaki ya ajiye biro.

Daga nan sai jira. Rana ta juya, inuwar taga ta hau bango. Telan ya aika aka sayo ruwa da burodi, yaron ya ci kamar wanda ya kwana biyu bai ga abinci ba, sannan barci ya sace shi, kansa a kan cinyar telan, hannunsa bai saki rigar ba. Telan bai shafa kansa ba, bai kuma ture shi ba. Almakashin ya zaro daga aljihu ya miƙa wa sajan, ya ce a ajiye masa nesa da shi. Sajan ya yi dariya, ya ce teloli da tsoron kaifi.

Wayar ofishin ta yi ƙara. Sajan ya saurara, ya ce to, ya kira jami'ar gefe. Ita ce ta dawo ta durƙusa a gaban bencin, ta rage murya don kada yaron ya farka.

"Baba, sai haƙuri, magana ta canja. Yarinyar ta cika yanzun nan. Ba za ka tafi da shi gida yau ba." Ta dubi ƙofa. "Kuma don Allah ka tsaya kusa da ɗanka. Ubanta zai iya zuwa nan, ka san halin da mutum ke shiga."

Ledar ta suɓuce daga hannun telan. Takalmin makaranta ƙwaya ɗaya ya faɗo, ɗan ƙarami, na mata, igiyarsa a tsinke.

"Ba sai kun jira shi ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi ma don kada yaron ya farka. "Tun safe ubanta yake zaune a nan."