Akwalar Aro

Motar ta mutu kafin mu kai Mada, inda babu gida, babu sabis, sai daji.

Dabarar maigidana ce. Don kada masu garkuwa da mutane su gane mu a hanyar zuwa sunan jikarmu, ya ajiye jif ɗinsa a Gusau, ya aro akwalar makanikensa. Ya sa na cire gwal, shi kuma ya zura tsohuwar rigar maigadinmu.

Ya yi ta ɗaga wa motoci hannu. Duk direban da ya hango mu sai ya ƙara wuta.

Babura uku kaɗai suka tsaya, kowane mahayi da bindiga a rataye. Babbansu ya zagaya motar, ya leƙa but, ya dubi rigar da ta yage a hammata, ya girgiza kai.

"Baba, cikin wanga gwangwani ka kwaso iyali? Ku tura mai."

Suka tura, ta tashi. Babban ya miƙo wa autarmu da ke kujerar baya ƙullin ƙuli-ƙuli ta taga. "Allah shi yaye ma talauci, Baba. Ɗaukar irinku asarar tuwo ce."

Na ga wuyan maigidana ya kumbura, mutumin da ke da layin shaguna guda a kasuwa. Ya gyara zama. "Kai yaro, ka san ko ni wane..."

Ban taɓa mintsinin mutum kamar ranar ba.

Har yau tabon yana cinyarsa. In baƙi sun zo, cewa yake wajen artabu da 'yan bindiga ya same shi.