Lallen da Ke Buɗe Jijiya

Tun da sabon lalle ya shigo Funtuwa, tsofaffin mata suka ajiye maganin hawan jini. Mai ƙuruciya za ta ƙunsa, ta riƙe hannun tsohuwa, sai jininta ya raɗa wa jijiyoyin tsohuwar su buɗe.

Ran Juma'a Suwaiba amarya ta zo gaida Gwaggo Asabe, ta kama hannunta kamar kullum. Gwaggo ta ji ɗumi har tafin ƙafa, ninkin na da. Ciwon kai ya sauka.

Ta yi murmushi. "Suwaiba, wata nawa?"

Suwaiba ta sunkuyar da kai. Cikin fari ne, ko mijinta bai sani ba.

"Gwaggo, wallahi kunya..."

"Bakinki ne mai kunya, jininki ya gama faɗa. Kawo ɗaya hannun. Amma in kin fita, kada ki ba kowa hannu."