Wa Ke Yanke Ciyawar Gidan Banki?

Ran Litinin ma an sake yanke ciyawar. Odessa Crutchfield ta tsaya a barandarta da kofin kofi a hannu, tana kallon gidan da ke jikin nata, ranta a ɓace. Gaban gidan fes, an share, an tsince leda, har furannin da ke gindin matakala an yi musu aski. Da wata ce, da ta yi murna. Ita kuwa ji ta yi kamar an mare ta.

Shekara biyu ke nan da banki ya ƙwace gidan daga hannun Lucius Pettway, tsohon direban bas, bayan jinyar matarsa Vernetta ta cinye abin da ya tara, ta kuma tafi da matar. Tun ranar da aka zube kayansa a bakin titi, banki bai sake leƙowa ba. Ciyawa ta kai ƙugu, tagogi suka farfashe, ɓeraye suka kafa gari suna ratsowa har kicin ɗin Odessa. Ta buga wa bankin waya har ta haddace kiɗan da ake sa wa mai jira. Alhali a unguwannin farare na gabashin Memphis, bankin nan dai shi ke tura masu fenti da masu shuka fure gidajen da ya ƙwace. Wannan ba jita-jita ba ce, mutanen layinsu can suke zuwa aiki, da idonsu suke gani.

Sai ga Tamika Boyd, wata matashiya daga ƙungiyar kare haƙƙin mazauna gidaje, ta ce za a kai bankin kotu. Hotuna take buƙata: gidan unguwar baƙaƙe a gefe, na unguwar farare a gefe, alƙali ya gani da kansa. Odessa ta ɗaura ɗamara. Ta bi gida-gida tana tara shaidu, har Lucius ta sa ya hawo bas daga Chicago, inda yake zaune wajen 'yarsa. Ana cikin haka aka wayi gari an fara gyara gidan.

"Mis Odessa, lauyoyin banki sun turo hoton gaban gidan, wai ga shaida suna kula da shi," in ji Tamika a waya. "Ran Asabar zan zo da kyamara. In na same shi tsaf, dole in cire layinku daga ƙarar."

Cire layin yana nufin ɓerayen sun zauna ke nan, gidan Odessa kuma, wanda ta yi shekara talatin tana wa gumi, ya ci gaba da zubewa a daraja har ya zama ba mai so.

Ran Laraba aka taru a ɗakin taro na coci. Cleon mai aski ne ya fara cika baki.

"Mutanen banki ne, na rantse! Shekara biyu ɓera ne mai gida, yau sun ji ƙamshin kotu sun tuna suna da injin yankan ciyawa."

"To kai da kunnenka ke jin gulmar layi uku, ka taɓa jin ƙarar injin?" in ji Odessa.

Ba wanda ya taɓa ji. Ba wanda ya ga motar 'yan kwangila. Karen Odessa ma, wanda ke wa mai kawo wasiƙa haushi kamar zai haɗiye shi, bai taɓa cewa uffan ba.

Can baya Lucius na zaune, hula a gwiwa, filasta a yatsu biyu. Sai da za a tashi ya yi magana.

"Sista Odessa, kina nufin barinsa ya lalace shi ne zai taimake mu?"

"Shi ne kaɗai, Mista Lucius. Su ga yadda suka mayar da gidanka."

Ya gyaɗa kai, ya ƙura wa takalmansa ido. Tausayinsa ya kama ta, ta ƙara jin tsanar bankin.

Shawara ɗaya ta rage mata: ta kama mai yankan da bidiyo. In aka ga ɗan kwangilar banki yana satar hanya ana gobe ɗaukar hoto, ai ya tona wa iyayen gidansa asiri. Alhamis da Juma'a ta yi sammako ta zauna bayan labule da waya a hannu, ba kowa. Aka yi ruwa, zafin Memphis ya biyo baya, ciyawar ta fara ɗago kai. Odessa ta yi ta addu'a ta ƙara tsawo, abin da ba ta taɓa zaton za ta roƙi Allah ba.

Asabar, gari bai gama wayewa ba, ta ji wani sauti, kis-kis, kis-kis. Injin turawa da hannu ne, irin na da, wanda ba ya shan mai. Tamika na hanya, in aka gama yankan, shi ke nan.

Ta zura silifas, ta kunna bidiyo, ta buɗe ƙofa a hankali. Karen ya kufce ta tsakanin ƙafafunta ya yi gaba, yana kaɗa jela. Mutumin ya ba ta baya, ya riga ya ci rabin filin. Ta matsa har jikin shinge.

"Kai! Tsaya nan! Wa ya aiko ka? Juyo in ga fuskar marar kunya!"

Injin ya tsaya. Karen na lasar hannun mutumin.

"Bayan gidan ban taɓa ba, Sista Odessa, na bar muku ku ɗauki hotonsa," in ji Lucius Pettway, ya cire hularsa, idonsa jajir. "Amma furannin nan Vernetta ce ta shuka su, ba zan iya barin alƙali ya gan su a wulaƙance ba."