Kujerar Matasa a Majalisar Dattawa

Zayyanu direba ya buɗe masa ƙofar gaba kamar kullum, ya mayar da wani mai buhun albasa kujerar baya. Hananiya ya zauna ya ɗora jakarsa a cinya, motar ta bar Gwandu ta nufi Kalgo. Yau ne za a cike kujerar da ya daɗe yana fafutuka a kanta, amma ransa a jagule yake.

Majami'ar Lutheran da ke Kalgo ƙarama ce. Jama'arta ma'aikata ne da aka turo daga nesa, da 'yan kasuwa, sai ɗaliban jami'a da suka fara cika bencin baya. Umarni ya zo daga sama cewa kowace majalisar dattawa ta ware wa matasa kujera guda mai cikakkiyar ƙuri'a. Hananiya ne shugaban ƙungiyar matasa. Shi ya kafa ta tun ana sujada a ƙarƙashin rumfar zana, shi ya sayo mata gangarta ta farko, kuma babu taron da bai miƙe ya ce tsofaffi sun danne yara ba.

Tsofaffin nan su ke tayar masa da zuciya. Dattijo Istifanus yakan yi gyangyaɗi tun daga addu'ar buɗewa, yawun goro na bin gefen bakinsa, in ya farka ya ce bai yarda ba, alhali bai ji abin da aka faɗa ba. Dattijo Filibus kuwa ya manne wa kujerarsa kamar kaska a kunnen saniya. An binne fastoci biyu, an yi wa uku canjin wuri, su suna nan daram. Duk lokacin da Hananiya ya dube su sai ya ji kamar ya tofar da yawu.

Yanzu kuma da suka ga babu makawa, sai suka ɓullo da dabara. Suka goyi bayan Rifkatu, wata ɗaliba mai waƙa a cikin mawaƙa. Hananiya ya san ta tun tana zanen goyo, ya san uwarta sarai. Yarinya ce mai kunya, irin wadda za su lanƙwasa yadda suka so. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ko shawararsa ba ta nema ba.

Bayan sujada aka jera benci a inuwar dogon yaro. Matasan suka riƙa zuwa suna russunawa suna gaishe shi, "Sannu, Shugaba," amma babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Ya gane an riga an hure musu kunne.

Fasto ya ba Rifkatu dama. Ta miƙe da wayarta a hannu, ta yi maganar ɗaliban da ke zuwa sau biyu su ɓace saboda babu mai tambayar sunansu, da waƙoƙin da ba a sake ba tun kafin a haife ta. Ta kai ƙarshe ta zauna. Tafin da aka yi mata ya daɗe.

Fasto ya ce, "To, sai mu ɗaga hannu."

Hananiya ya dafa benci ya miƙe. Ya ce babu batun ɗaga hannu. Ƙa'idar ƙungiya ta ce shugaban matasa shi ne bakinsu a kowane zama, sai fa in shi da kansa ya sauka. Ya karanto ta da ka, kalma bayan kalma, domin shi ya tsara ta. Fasto ya dubi sakatare, sakatare ya sunkuyar da kai ya ce haka ne.

Dattijo Istifanus ya buɗe ido. Yau kam a farke yake.

"Hananiya, ka ji tsoron Allah," in ji shi. "Ka bar wa yarinyar nan."

Hananiya ya dube shi sama da ƙasa. Wai mai laya ke cewa a kiyayi mai zamani. Ya ce, "Da baƙin gashi a kanka ka hau wannan kujera, Istifanus. Ba kai za ka koya mini sauka ba. Ba zan zuba ido ku mayar da haƙƙin matasa abin wasa ba."

Fasto ya yi addu'a gajeriya, ya nuna wa Hananiya kujerar roba da aka ajiye a ƙarshen layin dattawa.

Kafin ya kai gare ta, matasan sun fara tashi. Ba su yi hayaniya ba. Mai kaɗa ganga ya jingine ta da bango, 'yan mata suka naɗe ɗankwalayen mawaƙa suka ajiye a kan benci, suka bi ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya. Hananiya ya girgiza kai. Dubi yadda tsofaffi suka lalata tarbiyyar yara, a yi musu yaƙi a ci, ko na gode babu.

Ya zauna tsakanin Filibus da bango, ya gyara babbar rigarsa.

Rifkatu kaɗai ta rage. Ta tako a hankali, idanunta jawur, ta durƙusa a gabansa har ƙasa yadda aka koya mata a gida.

"Allah ya taya riƙo, Kaka," in ji jikar tasa. "Sai mu haɗa wannan murnar da ta cikarka shekara saba'in."