Fatar Kaza a Gefen Faranti

Ita kaɗai ta lura saurayin nata ya ɓare fatar kazar ya ture ta gefen faranti. Ƙanwarsa da ta rako su hankalinta na kan waya. Mutumin da ba ya cin abinci sai da lemo, yau ruwa ya karɓa.

"Lafiya kuwa?" ta tambaya a hankali.

Ya daɗe yana juya cokali. "Likita ya ce ciwon suga ne. Gara ki ji kafin manya su je gidanku."

Ciwon da ya raba ta da Baba ke nan, ita ta yi jinyarsa har ƙarshe.

"Shi ne ka kawo ni gidan soye-soye?"

"Direba ne ni, ranki ya daɗe. Irin wannan nake samu a hanya, shi ne daidai aljihuna. Zaɓen abinci nake koyo: gasasshiya da ganye, ban da lemo." Ya sunkuyar da kai. "In kin fasa, ba zan ga laifinki ba."

Ta sake duban fatar nan. Duk roƙon da ta yi wa Baba, bai taɓa ture komai gefe ba.

"Su zo," ta ce, ba ta ɗago ba.

Sannan ta jawo soyayyen dankalinsa gabanta, ta tura masa salak ɗinta.